Tabon da ke tafin ƙafar Doguwa

Litinin, ƙarfe huɗu na yamma

Mun dawo daga asibiti. Na ce bari in rubuta tun kaina bai gauraya abin ba. Shekara huɗu ke nan da na iya riƙe biro, tun da na shiga makarantar manya, kuma har yau hannuna ya fi bakina nawa. Amma idan na rubuta abu yakan zauna wuri ɗaya, ya daina bi na ɗaki ɗaki.

Ƙafar Doguwa muka kai. 'Yata ce, tela ce, shekararta talatin da ɗaya. Akwai baƙin tabo a tafin ƙafarta ta dama, wajen tsakiya. Ba ya ciwo, ba ya ƙaiƙayi. Wata ma'aikaciyar jinya da ke kawo mata ɗinki ce ta gan shi ranar da Doguwa ta ɗora ƙafa a kan benci tana cire zare, ta ce lallai a je a duba. Doguwa ta yi wata biyu tana cewa gobe.

Na zata za a kawo allura ko reza. Ba a kawo ba. Likitar mace ce, ƙarama, da tabarau. Ta ɗiga wani mai a wurin, ta ɗora wani gilashi mai fitila a ciki, girmansa kamar murfin kwalba. Sai ga tabon a allon kwamfuta ya zama kamar faranti. Na ga layukan fata kamar kunyoyin gona, baƙin ya kwanta a kansu. Ta ɗauki hoto huɗu.

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta tambayi Doguwa tun yaushe yake nan. Doguwa ta ce, "Likita, wa yake ganin ƙasan ƙafarsa? Ga mai shi nan, ku tambaye ta."

Na ce tun haihuwa.

Likita ta ce, "Kin tabbata, Mama?"

Na ce, "Ni na haife ta."

Ta ce to, akwai gefe ɗaya da bai kwanta mata a rai ba, amma tabon da aka haifi mutum da shi yakan yi irin wannan kama. Da sabo ne, da ba ta bar mu mun tafi haka ba. Ta ce mu dawo bayan wata uku, ta sake ɗaukar hoto ta gwada da na yau. Kafin nan mu riƙa aunawa duk sati.

A mota Doguwa ta yi ta dariya, wai an ɗauki hoton ƙafarta sau huɗu, fuskarta ko sau ɗaya.

Talata, ƙarfe goma na safe

Na wanke labulen ɗaki. Ba su yi datti ba.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

Na kai mata abinci shago, na zauna kan bencin masu jira. Kekenta na ƙafa ne, ta ƙi na lantarki, wai wuta ba ta da alkawari. Ƙafar dama ce ke taka shi. Na yi ta kallon ƙafar tana hawa tana sauka.

Ta ce, "Inna, idan kallon ƙafa kika zo, akwai kuɗin shiga."

Na ce ko taka keken nan ne yake sa tabon ya ƙara duhu.

Ta tsaya. Ta ce, "Ya ƙara duhu ne?"

Na ce ban ce ba.

Ta ce, "To ke kika ce da shi na zo duniya. A lokacin ban fara ɗinki ba, sai dai ko a ciki na koya."

Na yi dariya. Na tattara kwanuka na dawo.

Asabar, ƙarfe biyu na rana

Yaya ta zo. Ita ce babbarmu, ta girme ni da shekara tara, kuma har yau gani take ban iya ɗaura zane ba. Na ba ta labarin gilashin mai fitila. Ta ce zamani ke nan, da can sai an tsaga mutum ake sanin abin da ke cikinsa.

Tana shan ruwa sai ta ce, "Wai ni, ba ɗayar ce mai tabo ba?"

Na ce ruwan ya yi sanyi ko in ƙaro ƙanƙara.

Ta ce, "Ke nake tambaya. Da shi muke gane su lokacin wanka. Ni dai a tunanina ta farin ce."

Na ce, "Yaya, ke da kike neman tabarau yana kan goshinki."

Ta ce, "Haka ne kuma," ta bar maganar.

Tunda littafina ne zan rubuta. 'Yan biyu na haifa. Ta farin ta yi wata bakwai a duniya ta rasu. Ba na yawan faɗa, kuma a gidan nan ba a yawan tambaya.

Lahadi, ƙarfe tara na safe

Yaya ta tsufa, shi ke nan.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Ranar awo. Doguwa ta biyo nan daga shago, ta zauna kan tabarma ta miƙo mini ƙafa da tef ɗin awonta. Na sa tabarau. A ƙananan layukan nan na tef, tabon ya ci bakwai a tsawo, biyar a faɗi. Na ƙirga sau uku.

Ta ce, "Inna, kina yi mini cakulkuli."

Tafin ƙafarta ya yi kaushi a dunduniya. Rabon da in riƙe ƙafar yarinyar nan haka tun tana firamare, lokacin da ƙusa ta soke ta. Waccan ƙafar ce ko wannan? Na yi ta tunani bayan ta tafi. Na tuna ƙusar, na tuna kukan, na tuna tsumman da na ɗaure mata. Ban tuna tabo ba. Amma mutum yana cikin firgici me zai gani.

Bakwai da biyar.

Juma'a, ƙarfe sha ɗaya na safe

Akwai gwangwanin babansu a saman kabad. Na alewa ne, mai murfi ja. A ciki yake ajiye takardu. A gidan waya ya yi aiki, komai sai ya rubuta, har ranar da muka sayi fanka. Shekara shida da rasuwarsa ban buɗe ba. Da yana raye ban iya karatu ba, da na iya kuma ba na son in buɗe ni kaɗai.

Na share saman kabad. Na ɗaga gwangwanin na goge ƙarƙashinsa na mayar.

Laraba, ƙarfe shida da rabi na yamma

Bakwai da biyar. Ko bakwai da ɗan abu. Idona ne, ko tef ɗin ne ya tsufa.

Doguwa ta karɓi ɗinkin kayan makaranta, yara ɗari da ashirin. Ta ce sai ƙafar nan ta yi magana kafin ta gama. Murna take yi.

Alhamis, ƙarfe uku na rana

Na sake wanke labule.

Asabar, ƙarfe ɗaya na rana

Na buɗe.

Takardar gida, takardar fanka, hotonsa na aiki. A can ƙasa katin awon jarirai guda biyu, an haɗa su da roba, robar ta narke ta manne. A bayan ɗaya akwai rubutunsa.

Rubutunsa ba irin na allo ba ne. Haruffan suna riƙe da hannun juna, suna kwance gefe guda. Tun ƙarfe tara nake kai. Na ɗauko littafina na makaranta ina gwada harafi da harafi. Shekara ashirin da takwas na zauna da mutumin nan, yau ne na fara jin abin da hannunsa yake cewa.

Ga abin da ya rubuta, na kwafa yadda yake:

Ta fari, 5:10 na safe. Baƙin tabo a tafin ƙafar hagu.
Ta biyu, 5:40. Ba tabo ko ɗaya. Doguwa ce.

Na karanta sau da yawa ko zai canza.

Ashe daga nan sunan ya fito. Ni na zata sai da ta fara tafiya muka fara kiran ta haka.

Lahadi, ƙarfe huɗu na yamma

Ban je ko'ina ba. Zan rubuta wani abu sannan in rufe littafin.

Shekara biyu da suka wuce Doguwa ta kwana biyu nan tana zazzaɓi. Tana kwance, ƙafafunta a waje da bargo, na shigo da shayi na ga tabon. Ƙarami ne a lokacin, kamar ƙwayar gero. Na ajiye kofin na zauna. Na sa babban yatsana a kai, yadda nake yi wa waccan idan ina ba ta nono.

Doguwa ta farka ta ce mene ne. Na ce ba komai, tabonki ne na haihuwa. Ta ce, "Ina da tabo?" Na ce tun ranar farko. Ta koma barci.

Ban san ko ƙarya na yi ba. Na san dai na ji daɗin ganin sa. Na ji kamar an dawo mini da wani abu da aka karɓa. Ban tsaya na tambayi kaina hagu ko dama ba, don ba na son amsar.

Likita ta ce da sabo ne da ba ta bar mu mun tafi ba. Yau kwana ashirin.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Na tafi asibiti ni kaɗai da katin a cikin jaka. Mutumin da ke teburin shiga ya ce ba a ba ni ranar ganin likita ba, kuma ba ni ce marar lafiya ba. Na ce zan jira. Ya ce, "Mama, ko kin jira ba za ki shiga ba." Na ce ba komai, bencin ai na kowa ne.

Na zauna daga ƙarfe takwas zuwa ɗaya da rabi. Kusa da ni wani bawan Allah zabiya, direba ne, da faffadar hula. Ya nuna mini gefen kunnensa. Ya ce nasa ciwon a saman fata yake, ana shafa masa wani mai, a jira awa uku, sannan a haska masa jar fitila. Ya ce yana zafi kamar an watsa barkono, amma ba a yanka ba. Ya ce, "Ni da rana muka daɗe muna faɗa, yanzu kuma da fitila ake sulhunta mu." Ya ba ni rabin biskit ɗinsa.

Da likita ta fito cin abinci na tashi na tare ta a baranda. Na ce na zo gyara magana. Na miƙa mata katin. Ta karanta a tsaye, cikin daƙiƙa biyu, abin da ya ci mini safiya guda.

Na jira ta yi faɗa. Ta ce, "Yaushe kika fara ganin sa?" Na ce shekara biyu, kamar ƙwayar gero. Ta ce, "Ki kawo ta jibi ƙarfe takwas. Ta sani?" Na ce a'a. Na ce ko za ta kira ta a waya ta ce na'ura ce ta nuna wani abu.

Ta cire tabarau ta ce, "Mama, na'urata ba ta nuna komai sabo ba. Ke kika nuna."

Talata, ƙarfe shida na yamma

Na faɗa mata a shago, bayan masu jira sun tafi. Na ajiye katin a kan keken, kan rigar da take ɗinkawa.

Ta karanta. Ta juya shi, ta sake juyowa. Ta ce, "Rubutun Baba ne."

Na ce e.

Ta ce, "Kin manta ne, ko kin sani?"

Na ce ban sani ba.

Ta ce, "Ba ki san ko kin sani ba."

Na ce e.

Ta ɗauke katin ta miƙo mini. Ta gyara rigar a ƙarƙashin allura ta ci gaba da taka keken. Na tsaya har ta gama hannu ɗaya. Ba ta ɗago ba. Ina bakin ƙofa ta ce, "Ƙarfe nawa?" Na ce takwas. Ta ce mijinta zai kai ta.

Laraba, ƙarfe uku na rana

Na je duk da haka. Na riga su isa. Surukina ya gaishe ni har ƙasa kamar kullum, amma idonsa na kan takalminsa.

Yau wani ɗaki aka kai ta, wata na'urar daban, mai dogon hannu kamar fitilar tebur. Aka manna bakinta a tafin ƙafar. Likita ta ce haske ne yake shiga ƙarƙashin fata ya dawo da hoto, ba yanka, ba jini. Ta ce fatar tafin ƙafa tana da kauri, ba ya ganin nesa sosai, amma zai taimaka. Hoton fari da baƙi ne, kamar an kalli yashi ta cikin ruwa. Ni ban gane komai ba. Fuskar likita nake karantawa, wannan karatun na iya shi tun kafin makaranta.

Ta jera hoton ranar farko da na yau. Ta ce a cire shi, sati mai zuwa, da ɗan naman da ke kewaye, a kai ɗakin gwaji.

Na ce akwai wani direba da ake yi wa da mai da jar fitila, ko ba za a yi wa Doguwa haka ba. Ta ce irin nasa daban, a sama yake zaune. Irin da take zargi a nan ƙasa yake nufa, kuma ba a wasa da shi. Ta ce na'ura ta gama nata aikin, saura na wuƙa.

Doguwa ta tambayi sati nawa kafin ta taka keke. Likita ta ce shida, ko fiye. Doguwa ta kalli silin. Yara ɗari da ashirin, ta ɗinka wa talatin da ɗaya.

Ba ta kalle ni ba ko sau ɗaya.

Juma'a, ƙarfe goma na safe

Ta mayar wa makarantar da yadinsu. Yaya ce ta faɗa mini.

Lahadi, ƙarfe biyar na yamma

Yaya ta zo ta same ni ina cire labule. Ta ce, "Idan kika sake wanke su za su zama gidan sauro." Ta zauna ta ce ita ma da ta nace ranar nan. Na ce ba laifinta ba ne. Ta ce, "Na sani, ladabi nake yi."

Ta ce Doguwa tana cin abinci, tana barci, tana yi wa mijinta faɗa a kan ya sayo sandar dogarawa da ta yi mata gajarta. Na ce alhamdulillahi.

Talata, ƙarfe biyu na rana

An yi. Minti arba'in. Na zauna a bencin waje. Da aka turo ta a kujera mai taya, ƙafar a naɗe fari fat, ta ce wa mijinta, "Ka ba Inna jakata ta riƙe." Na riƙe har mota.

Sakamako bayan kwana goma.

Alhamis, ƙarfe sha biyu na rana

Kwana biyu.

Asabar, ƙarfe huɗu na yamma

Na kai abinci gidanta. Na ba surukina a ƙofa. Ya ce in shiga, na ce ina sauri. Ba ni da inda za ni.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Ranar awo ce. Na ɗauko tabarau kafin na tuna.

Juma'a, ƙarfe biyar na yamma

Doguwa ce ta kira da kanta da safe. Ta ce, "Ki shirya, za mu biyo."

Likita ta ce shi ne, abin da take zargi. Ta faɗi sunansa, ciwon daji ne na fata. Ta ce ya fara shiga ƙasa amma bai yi nisa ba, kaurinsa bai kai layi ɗaya na tef ba, kuma naman da ke kewaye ya fito da tsabta. Za a ƙara cire kaɗan a gefe don a tabbatar. Bayan haka duk wata uku za ta riƙa bin jikin Doguwa da gilashin nan mai fitila, daga kai har tsakanin yatsu, shekara da shekaru. Ta ce ba ta yi mana alkawarin komai ba, amma ta fi son wannan takardar da wadda za ta iya samu nan gaba.

Ban tambaye ta da mun zo shekara biyu da suka wuce fa ba. Doguwa ma ba ta tambaya ba.

Lahadi, ƙarfe huɗu na yamma

Na je canza mata bandeji, mijinta ba ya iya kallon ɗinki. Ta miƙo ƙafar a kan matashi. Na wanke hannu na zauna. Zare tara na ƙirga. Ta ce wanda ya yi ɗinkin nan da a shagonta yake da ta kore shi.

Ina naɗewa ta ce, "Inna, ita wace iri ce?"

Na ce wa.

Ta ce, "Kin san wa."

Ba ta taɓa tambaya ba. Na ce ta fi ki ƙiba, ta fi ki haƙuri. Ba ta kuka sai kin fara. Idan na sa yatsa a tabon sai ta murɗe yatsun ƙafarta ta kama nawa. Na ce zazzaɓi ne ya ɗauke ta, kwana uku. Na faɗi abubuwa da yawa da ban san suna nan ba. Tana saurare har shayinta ya huce.

Da na gama ta ce, "Ina jin haushinki har yanzu."

Na ce na sani.

Ta ce, "Ranar Laraba ki zo da tabarau. Likita ta ce a riƙa duba bayana da ƙasan ɗayar ƙafar, kuma ba na yarda da idon mutumin nan. Amma abin da kika gani shi za ki faɗa."

Na ce shi zan rubuta.

Litinin, ƙarfe tara na safe

Na ɗauko katin. Akwai ɗan wuri a ƙarƙashin rubutun babansu. Na gwada a wata takarda sau uku tukuna, don kada in ɓata masa. Nawa haruffan a tsaye suke, kowanne shi kaɗai, ba su kai nasa kyau ba.

Ta biyu, shekara 31. Tabon ɗinki a tafin ƙafar dama. Nata ne.

Na mayar da katin cikin gwangwani. Ban ɗora shi saman kabad ba, na bar shi nan kan tebur inda hannuna yake kaiwa.